Birkin akori-kura: Abin da ke sa ya shanye da yadda ake gane alamunsa

A yankin Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran sassan kudancin Jihar Jigawa, akori-kura ce jakin wannan zamani. Ita ke kwaso masara da gero da riɗi da shinkafa daga ƙauyuka zuwa kasuwanni irin ta Sara, ita ke ɗaukar awaki da tumaki, sau da yawa kuma da mutane zaune a kan buhuna. Daga nan sai ta hau titin da ya bi ta Babaldu da Birnin Kudu da Kwanar Huguma da Wudil zuwa Kano, ko ta nufi Ningi da Bauchi, ko ta bi ta Basirka. Idan haɗari ya auku, bayanin da aka fi ji shi ne “birki ne ya shanye”. Sai dai da wuya birki ya shanye farat ɗaya. Yakan daɗe yana ba da alama, kuma dalilan lalacewarsa sanannu ne.

Yadda birki yake aiki

Birkin akori-kura da mai yake aiki. Idan direba ya taka, ƙafarsa tana tura fistin a cikin wata ’yar tukunya da makanikai ke kira masta. Masta tana matsa man birki ya bi ta siraran bututu zuwa ƙafafun mota huɗu. Tun da ruwa ba ya matsuwa, ƙarfin da aka sa a sama yana isa ƙasa ba tare da ya ragu ba. Wannan ita ce ƙa’idar da masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana a ƙarni na 17.

A yawancin akori-kura, ciki har da Toyota Hilux wadda aka fara ƙerawa a 1968 ta kuma cika hanyoyinmu, ƙafafun gaba suna da faifan ƙarfe da fad biyu ke damƙewa, na baya kuwa suna da gangar ƙarfe da takalman birki ke tokarewa daga ciki. Akwai kuma wata na’ura a bayan masta mai ƙara wa ƙafar direba ƙarfi, wadda take dogara da zuƙar iskar da injin ke samarwa. An raba bututun man gida biyu, domin idan ɗaya ya fashe ɗayan ya rage gudun motar.

Abin da birki ke yi a taƙaice shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Duk matsalolinsa kusan daga nan suke farawa.

Lodi da gudu

Galibin akori-kura an ƙera su ne su ɗauki abin da bai wuce kimanin tan ɗaya ba, wato buhu 10 mai kilo 100, kuma nauyin direba da fasinja yana cikin wannan lissafi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwa da yammacin ranar da take ci ya san ana ninka wannan adadi. Idan nauyin mota da kayanta ya ninka, zafin da birki zai haɗiye kafin ta tsaya shi ma ya ninka.

Gudu ya fi lodi muni. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana buƙatar tazarar birki ninki huɗu na wadda ke gudun 40, ba ninki biyu ba. Ban da haka, a gudun 80 mota tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafar direba ta bar totur ta kai kan birki. A hanyar da shanu ke tsallakawa, yara ke talla, babura ke fitowa daga gona, wannan tazara ita ce tsakanin tsira da asara.

Idan fad da takalma suka yi zafi fiye da kima, sai su daina kamawa ko da direba ya danne da iyakar ƙarfinsa. Yankin yana da duwatsu da hawa da gangara, kuma direban da ya sauko gangara da lodi ƙafarsa na kan birki tun daga sama yana dafa birkinsa ne da kansa.

Man birki da ruwa

Man birki yana da wata ɗabi’a da direbobi da yawa ba su sani ba: yana zuƙar danshi daga iska. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma’aunin Salshiyas, DOT 4 kuwa sai 230. Da zarar ruwa ya kai kusan kashi 4 cikin 100 a cikinsa, sai wannan adadi ya faɗo zuwa wajen 140 da 155. Idan man ya tafasa sai ya zama tururi, shi kuwa tururi yana matsuwa. Direba zai taka, birkin ya nutse har ƙasa, mota ba ta ji ba. Bayan rabin awa, in man ya huce, birkin zai dawo kamar ba abin da ya faru, shi ya sa wasu ke danganta lamarin da sammu ko tsautsayi.

Kamfanonin ƙera motoci da dama suna ba da shawarar a zubar da tsohon mai a zuba sabo duk shekara biyu. Ƙara mai kawai ba canji ba ne. Zuba ruwan sabulu a madadinsa, kamar yadda wasu ke yi a kan hanya, ganganci ne, domin ruwa a digiri 100 yake tafasa, yana kuma sa tsatsa. Baƙin mai ko man giya kuwa kumbura robobin cikin masta suke yi har su lalace.

Ƙarin sifirin

Akwai wata matsala da ta keɓanci akori-kura. Bayanta ba shi da nauyi idan babu kaya, saboda haka in aka ba ƙafafun baya cikakken birki sai su ƙulle, motar ta juya. Domin kauce wa haka, da yawa daga cikin tsofaffin samfura suna da wani bawul a ƙarƙashi, haɗe da ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya. Idan lodi ya danne bodi, bawul ɗin yana buɗewa ya ƙara wa baya ƙarfin birki.

Mai mota da ke son ɗaukar kaya da yawa yakan sa a ƙara masa ganyen sifirin domin bayan ya daina zama. Daga ranar, bawul ɗin zai riƙa “ganin” motar a matsayin marar kaya ko da tana ɗauke da buhu 20. Mafi yawan aikin sai ya koma kan ƙafafun gaba, su yi zafi da wuri. Ƙarin sifirin yana ɗaga bodi, amma bai ƙara wa birki ko taya komai ba.

Sakin mota a firi

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane direba yana lissafin lita. Wasu sukan fitar da giya a gangara, wasu ma su kashe injin. A giya, injin yana riƙe mota ya rage wa birki aiki. Idan aka kashe shi, na’urar da ke taimaka wa ƙafa tana ƙarewa bayan taku biyu ko uku, birkin ya sandare kamar dutse. A wasu tsofaffin motocin dizal, fanfon da ke samar da wannan iska yana manne da bayan altaneta, don haka tsinkewar bel kaɗai ya isa ya taurara birki.

Damina ma da nata. Idan mota ta ratsa ruwa, gangar baya tana jiƙewa ta daina kamawa na ɗan lokaci. Maganinsa shi ne a tafi a hankali ana ɗan taɓa birki har ya bushe.

Alamomin da ba a raina su

Birki yana nutsewa a hankali idan aka riƙe shi, ko sai an yi ta bugawa kafin ya kama. Man yana raguwa a kofinsa, ko ana ganin jiƙa a cikin taya ta baya. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, alamar fad ya cinye. Ya kamata a canza shi tun kaurinsa yana wajen milimita 3. Mota tana fizga gefe guda, ko sitiyari yana rawa idan an taka. Warin ƙuna bayan gangara. Jar fitilar birki da ta ƙi mutuwa. Birkin hannu da ba ya riƙe mota sai yaron mota ya sa waigi.

Taya ma cikin lissafin take, domin ita ke taɓa ƙasa. Lambobi huɗu da ke jikinta suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin a guji tayar da ta wuce shekara huɗu.

Idan ya shanye a kan hanya

A cire ƙafa daga totur, a bubbuga birki da sauri ko zai tara ƙarfi. A sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. A ja birkin hannu sannu-sannu, babban yatsa na kan maɓallinsa, domin fizgarsa gaba ɗaya na iya juya mota. Kada a kashe injin, kada a zare makulli, saboda sitiyari zai iya kullewa. A danna ham, a nemi yashi ko hawa ko ciyayi a gefen hanya. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, kuma Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ita ce babban asibitin yankin.

Nauyin da ke kan mai kaya da mai mota

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama’a, Afirka ce kan gaba. Gyaran ba na direba ba ne shi kaɗai. Ɗan kasuwar da ya nace sai an haɗa masa lodin sawu biyu a sawu ɗaya yana da hannu. Haka jami’in da ke kula da motocin ma’aikata, wanda ke sa hannu a kan canjin baƙin mai amma bai taɓa tambayar yaushe aka canza man birki ba. Mai sayen kayan gyara, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a shagon gari, ya nemi man da ke cikin gwangwani a rufe da fad mai sunan kamfani, domin araha ba ta ado. Kuɗin fad da man birki bai kai na buhun riɗi ɗaya ba, balle ran wanda ke zaune a kan buhun.