Hawan bango: Yadda ake tsara hanyar hawa ba tare da jefa mutane cikin haɗari ba

Wasan hawan bango ya shiga gasar Olympics a karon farko a birnin Tokyo na Japan a 2021, aka kuma sake yin sa a Paris a 2024. Idon 'yan kallo yana kan ɗan wasan da ke maƙale a sama, amma kafin ya ɗora hannu a bangon, akwai waɗanda suka shafe kwanaki suna auna inda kowane mariƙi zai zauna. Su ne masu tsara hanya. A jikin dutsen daji, mai hawa yana karɓar abin da ya tarar ne. A bangon da aka gina kuwa, duk wani wuri mai wuya da duk wata faɗuwa mutum ne ya shata su, don haka alhakinsu yana wuyansa.

Ana yawan ambaton bangon da Don Robinson, malamin motsa jiki, ya gina a Jami'ar Leeds ta Ingila a 1964 cikin na farko-farko da aka yi a cikin gini domin atisaye. A yau hukumar IFSC, wadda aka kafa a 2007, ita ke kula da gasannin duniya, kuma wasan ya kasu uku. Akwai na gajeren bango mai tsayin kusan mita 4.5, wanda ake kira bolda, ana hawansa ba igiya sai katifu a ƙasa. Akwai na dogon bango mai kimanin mita 15 da ake hawa da igiya. Sai na tsere, shi kuma hanyarsa ɗaya ce a duk duniya, ba a sauya ta, shi ya sa ake iya kafa tarihi a kai, kamar daƙiƙa 4.74 da Sam Watson na Amurka ya yi a Paris. Aikin mai tsara hanya ya fi yawa a kashi biyun farko.

Noti da mariƙi

Galibin bangayen zamani allunan katako ne masu kauri da aka ɗaure a kan ginshiƙan ƙarfe ko na katako. An huda su a jere, kowace huda da gurbin ƙarfe a bayanta. Mariƙan kuma da roba mai tauri ake zuba su, a ɗaure kowanne da noti a cikin gurbin. A Turai noti mai kaurin milimita 10 ake amfani da shi, a Amurka kuwa mai kashi uku cikin takwas na inci. A ido sun yi kama, amma cusa ɗaya a gurbin ɗaya yana lalata haƙoran gurbin, kuma ɓarnar ba ta bayyana sai ranar da nauyin mutum ya hau kai. Wanda ya sayo kayansa daga ƙasashe daban-daban, nan ne wurin da ya kamata ya fara dubawa.

Tsawon notin ma abin lura ne. Idan ya gajarta, haƙora kaɗan ne za su kama. Idan ya yi tsawo, zai iya tokarar wani abu a bayan allo, ma'aikaci ya ji kamar ya ɗauru alhali mariƙin yana da sauran wasa. Ɗaurewa fiye da kima kuma tana tsaga robar, musamman idan siffar kan notin ba ta dace da ramin mariƙin ba.

Matsalar da aka fi sani ita ce mariƙi mai juyawa. Babban mariƙi da aka ɗaure da noti ɗaya a tsakiya yana iya murɗewa idan aka danna gefensa, mai hawa ya zame babu shiri. Maganinsa ƙaramin sukuru ne da ake ƙarawa a gefe ya kama katako. Aikin daƙiƙu kaɗan ne, kuma shi ne abin da gaggawa ta fi sa a tsallake. A Turai akwai ƙa'ida mai lamba EN 12572 da ta kasu uku: ta bangon igiya, ta bangon bolda, da ta mariƙan kansu.

Ina mutum zai faɗa?

Faɗuwa ba hatsari ba ce a wannan wasa, wani ɓangare ne na yinsa. Mai koyo kan faɗo sau da dama a wuri guda kafin ya wuce shi. Saboda haka ƙwararren mai tsara hanya ba ya tsayawa ga tambayar ko za a iya hawa. Yakan tambayi kansa: idan hannu ya suɓuce a nan, ina jikin zai nufa, kuma da wane ɓangare zai sauka?

A bangon bolda, idon sawu da gwiwar hannu da wuyan hannu su ne suka fi shan wahala, daga targaɗe har karaya. Wurin da ya fi wuya bai kamata ya zo a can ƙololuwa tare da yanayin da zai juya mutum kansa ƙasa ba. Tsallen gefe yana jefa jiki nesa da bango, don haka ba a shirya shi kusa da bakin katifa, ko ginshiƙi, ko kwanar da wani zai ɓullo bai sani ba. Manyan tudun katako da ake liƙawa don sauya siffar bango suna ƙawata hanya, amma wanda aka sa a ƙasan wuri mai wuya ya zama abin da mai faɗowa zai buga. Haka nan hanyoyi biyu da suka gitta juna suna iya sa wani ya faɗo kan wani. Wurare da yawa kan jera manyan mariƙai masu sauƙin kamu domin wanda ya kai sama ya sauko da ƙafarsa, ba sai ya diro ba.

Akwai kuma tarkon yatsa: rami ko 'yar tazara tsakanin mariƙi da bango inda yatsa zai shige ya maƙale yayin da jiki ke tafiya ƙasa. Yatsun yara sun fi shiga irin wannan, kuma tazarar da babba zai miƙa hannu ya kama, ga yaro tsalle ce. Hanyar da aka ce ta yara, da tsawon yaro ake auna ta.

A bangon igiya lissafin ya bambanta. Mai hawa yana saƙala igiyarsa a ƙugiyoyin da ke jere a bango yayin da yake sama. A ƙugiyoyin farko yana kusa da ƙasa, kuma lokacin da ya jawo igiya zai saƙala ne take da sako-sako mafi yawa. In ya faɗi a nan, ƙasa zai iya kaiwa. Don haka ake ba shi mariƙi mai kyau da wurin tsayuwa a waɗannan wurare, a ajiye wahalar sai can sama. Ana kuma guje wa kai hanya nesa da layin ƙugiyoyi, don kada mai faɗuwa ya yi lilo ya bugi bango, da kuma yanayin da igiya za ta ratsa bayan ƙafarsa ta kifar da shi.

Mai aikin kansa

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne, mai tsara hanya ya fi kowa daɗewa a sama, ga kaya masu nauyi a hannu. Tsani a kan katifa mai laushi ba ya tsayuwa daidai, kuma miƙa jiki gefe don a kai ga wani rami maimakon a sauko a matsar da tsanin tsohuwar hanyar jin rauni ce da kowane kafinta ya sani. A dogon bango, tsarin da masu aikin igiya a masana'antu suke bi shi ne igiya biyu, kowace da maɗaurinta daban: ɗaya ta aiki, ɗaya ta ko-ta-kwana. Na'urar ɗaure noti da bokitin mariƙai ana ɗaure su a jiki, a killace ƙasan wurin, wanda ya zama dole ya shiga ya sa hular kwano. Noti guda da ya faɗo daga mita 15 ya isa ya fasa kai. Tabarau na kariya da abin toshe kunne su ma suna cikin kayan aiki, kuma bai dace mutum ya rataye shi kaɗai a gini ba tare da wanda zai iya sauko da shi ba.

Bayan an gama ɗaurewa sai gwaji. Masu tsarawa kan hau hanyar da kansu, su gyara, su sake hawa, kuma sau da yawa da gajiyar yini a jikinsu suke yin hakan, abin da ya sa ake son a huta a ɗumama jiki tukuna. Ya fi kyau wanda bai ɗaura ba ya bi mariƙan ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa, domin idon mai aiki yakan saba da kuskurensa. A manyan gasanni akwai ƙarin nauyi, tunda ana killace 'yan wasa don kada su ga hanyar kafin lokaci. Ba su da damar gano aibinta a hankali.

Hanyar da aka buɗe ba a barin ta haka nan. Zafi da laima suna sa katako ya motsa, noti ya saki, ƙarfen bangon da ke waje kuma ya yi tsatsa. Garin alli da gumi da robar takalmi suna sa mariƙi santsi, shi ya sa ake kwance su lokaci-lokaci a wanke, a duba bayan kowanne ko akwai tsaga, a fitar da wanda ya fashe daga cikin kaya gaba ɗaya. Wuraren da suka san aikinsu suna da rajista mai ɗauke da ranar da aka ɗaura kowace hanya, da wanda ya ɗaura, da wanda ya duba. Uba ko shugaban makarantar da zai kai yara irin wannan wuri yana da damar ya nemi a nuna masa ita.