San Jiminyano, Gari Mai Hasumiyoyi

A ƙasar Italiya, cikin lardin Tuskani, akwai wani tsohon gari a bisa tudu, ana ce da shi San Jiminyano. Ganuwa ta kewaye shi, gonakin inabi da na zaitun kuwa sun kewaye ganuwar. Tun daga nesa matafiyi ya kan hangi hasumiyoyinsa na dutse sun yi cirko-cirko.

Hanya ce ta arzuta garin nan. A zamanin da, ta nan fatake da masu ziyara daga arewacin Turai su kan bi zuwa birnin Rum. Mutanen gari suka riƙa saukar da baƙi, suna sayar da giyar inabi da za'afaran, suna kuma ba da bashi da ruwa. A shekarar 1199 suka sami ikon mulkin kansu.

Da dukiya ta yawaita sai gasa ta shiga tsakanin attajirai. Kowa so ya ke hasumiyar gidansa ta ɗara ta maƙwabcinsa, har an ce yawansu ya kai 72. A 1255 mahukunta suka kafa doka, kada kowa ya gina wadda ta fi ta hukuma tsawo. Amma doka ba ta kashe gaba ba. Manyan gidaje biyu, Ardingelli da Salbuci, suka yi ta faɗa shekara da shekaru, ɗaya yana goyon bayan Paparoma, ɗaya yana goyon bayan Sarkin Sarakunan Jamus.

Ana cikin haka, a 1348, sai babbar annoba ta auko, ta kashe mutane ba iyaka. Gari ya rasa ƙarfi, a 1353 ya miƙa wuya ga birnin Fulorans. Sa'an nan ciniki ya koma wasu hanyoyi, kasuwa ta mutu.

To, talaucin nan shi ya tsare garin. Sauran birane sun rushe tsofaffin gine-ginensu sun yi sababbi, amma mutanen San Jiminyano ba su da abin yin haka. Waɗansu hasumiyoyin sun zube, waɗansu an rage musu tsawo, 14 sun saura. Mafi tsawonsu ta hukuma ce, an gama ta a 1311, tsawonta wajen ƙafa 177.

A 1990 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Yanzu baƙi sun komo, amma ba wucewa su ke yi zuwa Rum ba, garin da kansa su ke zuwa gani.