Yadda Zaiba Ke Taruwa a Jikin Dabbobin Teku Masu Shayarwa

Zaiba sinadari ne da Allah Ya halitta a cikin duwatsu. Aman wutar duwatsu da zaizayar ƙasa kan kai shi cikin teku, inda wasu ƙwayoyin halitta ke mayar da shi wani nau'i mai guba wanda ba ya saurin fita daga jiki.

Ga yadda yake taruwa. Ƙananan tsirran ruwa kan tsotse shi, ƙananan kifaye su ci tsirran, manyan kifaye su ci ƙanana. A kowane mataki yawansa na ƙaruwa. Dabbobin teku masu shayarwa, irin su wel da dolfin, su ne a ƙarshen wannan jeri, kuma suna da tsawon rai, don haka gubar ta fi yawa a namansu da hantarsu.

A tsibiran Faro da ke ƙarƙashin ƙasar Denmak, inda ake cin naman wel, bincike ya nuna cewa zaibar da mai juna biyu ta ci tana shafar ƙwaƙwalwar jaririnta. A 2008 manyan jami'an lafiyar tsibiran suka ba da shawarar a daina cin naman.

Ayyukan ɗan Adam, kamar ƙona kwal da tace zinariya da zaiba, suna ƙara yawansa a ruwa. Saboda haka muna kira ga masu haƙar zinariya da shugabannin al'umma da su hana zubar da zaiba a koguna, domin kifin da muke ci ma haka yake tara shi.