Darajar Gida Ba a Bango Take Ba: Labarin Levittown

A shekarar 1947, a tsibirin Long Island da ke gabas da birnin New York na Amurka, kamfanin Levitt & Sons ya fara gina gidaje a filayen da a da ake noman dankalin Turawa. Abraham Levitt da 'ya'yansa biyu, William da Alfred, sun kasa aikin gini kashi 27, kowane rukunin ma'aikata da nasa aiki guda. Masu zuba daɓe su gama su wuce fili na gaba, kafintoci su biyo baya, sannan masu fenti. Zuwa 1951 sun kammala gidaje 17,447, unguwar kuma ta amsa sunan Levittown. A 1949 ana sayar da gida ɗaya dala 7,990.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta, idan muna son gano abin da ke haddasa wani sakamako, mukan bar komai yadda yake, mu sauya abu ɗaya kawai mu ga abin da zai faru. Levittown ta yi mana kusan haka. Gidajenta kamar an tsaga kara, don haka duk abin da ya ɗaga darajarsu daga baya, akasarinsa daga wajen bango ya zo.

Abu na farko shi ne rance. Kafin shekarun 1930, mai son gida a Amurka yakan biya kafin alƙalami da ya kai kusan rabin kuɗin, sauran kuma banki ya ba shi 'yan shekaru kaɗan. A 1934 gwamnati ta kafa hukumar gidaje ta tarayya, FHA, wadda ke tsaya wa mai cin bashi: idan ya gaza biya, ita za ta biya banki. Sai bankuna suka saki jiki, wa'adin biya ya kai shekara 20, daga baya 30. A 1944 aka ƙara da dokar da ta ba sojojin Yaƙin Duniya na Biyu damar sayen gida ko da ba su ajiye komai ba. Tun daga lokacin, abin da mai saye ke lissafawa shi ne nawa zai riƙa biya a wata. Rancen dala 300,000 na shekara 30, idan kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari ne, zai ci kimanin dala 1,265 a wata. Idan ya koma kashi 7, sai kusan dala 2,000. Gidan bai sauya ba, amma masu iya tayawa sun ragu. A 1981 kuɗin ruwan ya haura kashi 18, a farkon 2021 kuma ya sauka ƙasa da kashi 3.

Abu na biyu ya fi zafi: wa aka yarda a ba rancen? Hukumar HOLC, wadda aka kafa a 1933, ta zana taswirar birane sama da 200, ta ba unguwanni maki da launi huɗu: kore, shuɗi, rawaya da ja. Ja na nufin haɗari, kuma unguwannin baƙar fata kusan duk a ja suka faɗa. FHA ma da wannan tunani ta yi aiki, har littafin ƙa'idojinta ya ba da shawarar a riƙa sa sharaɗin launin fata a takardun filaye. Takardun hayar Levittown na farko sun hana wanda ba farar fata ba zama a gidajen, in ban da barori. A 1948, a shari'ar Shelley da Kraemer, Kotun Ƙoli ta ce kotuna ba za su ƙara tilasta irin wannan sharaɗi ba, amma kamfanin ya ci gaba da ƙin sayar wa baƙar fata. A watan Agustan 1957, da William da Daisy Myers suka tare a Levittown ta jihar Pennsylvania, a gidan da suka saya daga hannun mai shi, jama'a sun yi ta taruwa a ƙofarsu da dare, har da jifa.

Masu jifan cewa suke yi farashin gidajensu zai faɗi. Wasu dillalai a birane irin su Chicago sun mayar da wannan tsoro sana'a: su rada wa fararen fata cewa baƙi na tafe, su saye gidajen da araha, su sayar wa baƙar fata da tsada, tunda waɗannan ba su da bankin da zai ba su rance. Tsoron da kansa ne ya karya farashin, sannan aka ɗora wa sababbin maƙwabta laifi.

Sai kuma titi da makaranta. Dokar manyan tituna ta 1956, zamanin Shugaba Eisenhower, ta sa mutum zai iya kwana a bayan gari ya yi aiki a cikin birni, filayen da ke kusa da titin suka yi daraja. Makarantun gwamnati kuwa, wani babban kaso na kuɗinsu daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Unguwa mai tsadar gidaje tana tara haraji mai yawa, makarantarta ta gyaru, iyaye su yi rububin shigowa, gidajen su ƙara tsada. Ƙananan hukumomi da dama kuma suka hana gina bene mai ɗaukar iyalai da yawa, gidaje suka yi kaɗan, masu nema suka yi yawa.

A Afrilun 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haramta wariya a cinikin gidaje. Sai dai dokar ba ta goge tsoffin farashi ba. Mai ƙiyasta darajar gida yakan duba gidaje uku ko huɗu masu kama da shi da aka sayar kwanan nan a kusa, ya ɗora lissafinsa a kai. Ke nan farashin yau ɗan na jiya ne, na jiya kuma ɗan na shekaranjiya. Unguwar da aka hana rance shekara 30 ta shiga sabon zamani da tsohon makinta, iyalan da suka samu gida a Levittown kuma suka bar wa 'ya'yansu gado.

Yanzu manhaja ce ke yin wannan lissafi. Tun 2006 Zillow ke nuna wa Amurkawa ƙiyasin darajar gidajensu a intanet. Mun san yadda irin wannan manhaja take: daga tsoffin cinikayya take koyo, abin da aka ɗura mata shi take mayarwa. A Nuwamban 2021 kamfanin ya rufe sashensa na sayen gidaje bayan ya tafka asara, domin hasashen farashin gobe ya gagare shi.

Mai sayarwa yakan ƙirga kuɗin da ya kashe a kicin da rufi, kuma suna da tasiri. Mai saye kuwa, ko ya sani ko bai sani ba, yana biyan kuɗin titi, da makaranta, da kuɗin ruwan banki na wannan watan, da layin da wani jami'i ya ja a kan taswira tun kafin a haifi iyayensa.