Wasiyya da Umarnin Likita: Daga Fort-Lamy zuwa Asibiti

Faransawa suka kafa Fort-Lamy a shekarar 1900, bayan yaƙin Kusseri inda Rabe da Kwamanda Lamy suka mutu. A 1973 aka canja wa garin suna zuwa N'Djamena. Garin yana kan hanyar alhazai masu tafiya Makka ta ƙasa, shi ya sa Hausawa da yawa suka yada zango a nan, wasu kuma suka zauna ke nan. John Works ya rubuta littafi a kansu a 1976.

Tafiyar takan ɗauki shekaru, kuma ba kowa ke komawa gida ba. Saboda haka mahajjaci yakan bar wasiyya a gaban shaidu: bashin da ake binsa, amanar da ke hannunsa, da wanda zai kula da iyalinsa. A fiƙihun Malikiyya, wasiyyar dukiya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Haka nan kyautar mai ciwon ajali, daga sulusi ake fitar da ita.

Wannan wasiyya ta shafi bayan rai ne. Da asibitoci suka sami na'urorin da ke riƙe numfashi, sai wata tambaya ta taso: wa zai yi magana a madadin majiyyacin da ya kasa magana?

A Amurka, lauya Luis Kutner ya kawo shawara a 1969 cewa mutum ya rubuta irin jinyar da yake so tun yana da lafiya. Jihar Kalifoniya ta yi doka a kan haka a 1976, Faransa kuma a 2005. Amma an lura takardar takan zama a gida, ko kuma kalamanta su yi faɗi. Don haka a shekarun 1990 aka fito da wata takarda a jihar Oregon, wadda likita ke sa wa hannu idan ciwo ya tsananta, bayan ya tattauna da majiyyaci.

Bambancinsu shi ne, ta farko bayanin nufin mutum ce, sai an fassara ta. Ta biyu umarni ce, ma'aikata na aiki da ita nan take. Ta farkon ta fi kusa da wasiyyar mahajjaci, domin duka biyun sun dogara ga amanar wanda aka bar wa magana.