Daga ɓawon itace zuwa ƙwayar maganin ciwon suga

 Duk wanda ke zagawa kasuwannin Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san rumfar masu sassaƙe. In ka ce ciwon suga ke damunka, nan take za a miƙo maka ɓawon ɗanya, ko na maɗaci, ko garin zogale, ko ganyen dogon yaro. Shin itace na maganin suga? Yau za mu nemi amsa cikin tarihi.

A shekarar 1835, wani masani ɗan Beljiyam mai suna De Koninck ya fitar da wani sinadari daga ɓawon saiwar itacen tuffa, wadda muke cewa pom. Aka sa masa suna phlorizine. Da yake yana da ɗaci kamar kinin, sai aka zaci zai yi maganin masassara. Bai yi ba.

A 1886, likita Von Mering na Jamus ya ba karnuka sinadarin, sai ya tarar da suga cikin fitsarinsu. Daga baya aka gano dalili. Ƙoda na tace jini, sannan ta maido da suga cikin jiki, phlorizine kuwa yana toshe wannan hanya, sugan ya fice ta fitsari. To amma in mutum ya sha shi, kaɗan ne ke shiga jini, kuma yana kawo zawo. Sai da masana suka sake masa tsari kafin a samu dapagliflozine, wanda Turai ta amince da shi a 2012. Ku lissafa, shekara 177 ke nan.

Haka labarin metformine, ƙwayar da mafi yawan masu sugarmu ke saye a farmasi. Asalinta wata ciyawa ce ta Turai mai suna galega, wadda mutanen da ke ba mai yawan fitsari da ƙishirwa. Sinadarin cikinta na rage suga, amma yana da dafi, har tumaki yake kashewa. Magungunan farko da aka yi a kan samfurinsa an janye su saboda suna ɓata hanta. An haɗa metformine a 1922, aka manta da ita domin insulin ta bayyana a wannan lokacin, har sai da likita Jean Sterne na Faransa ya gwada ta ga mutane a 1957, da sunan Glucophage.

Ke nan kakanninmu ba su yi wauta ba da suka nemi magani a daji. Masu bincike sun gwada ɗanya da zogale, sun ga suna rage suga, kuma suna ɗauke da sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Amma mafi yawan gwajin a kan ɓeraye aka yi shi, ko cikin kwalaben labo. Jiƙon da ake sha a gida ba shi da awo: ƙarfin na yau dabam, na gobe dabam.

Inda muke jin tsoro shi ne mutum ya ajiye ƙwayarsa don ya samu sassaƙe. Suga ba ya ihu. A hankali yake cin ido da ƙoda, gyambon ƙafa ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa. Wanda kuma ya haɗa jiƙo da ƙwaya a ɓoye, sugansa na iya faɗuwa ya suma.

Don haka, baba da inna, in kuna shan wani abu na gargajiya, ku gaya wa likita ba kunya, ku riƙa awon jini. Mu kuma mu bar saɓe ɓawon ɗanya zagaye guda har ta bushe, domin in ta ƙare a dajinmu, masu bincike ba su da abin gwadawa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.