Tawadar Allo da Wutar Lantarki

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda aka kafa Kasuwar Kurmi a mulkinsa, birnin Kano ya shahara da karatu, kuma karatun allo ba ya yiwuwa sai da tawada. Almajiri yakan sami baƙin tukunya ko gawayi, ya niƙa, ya haɗa da ruwa, sa'an nan ya zuba ƙaro. Idan babu ƙaro, baƙin sai ya dunƙule ya kwanta a gindin kurtu. Dalili kuwa shi ne gawayi ba ya narkewa cikin ruwa. Ƙananan ƙwayoyinsa yawo kawai suke yi. Ƙaron ne yake lulluɓe kowace ƙwaya, ya ba ta cajin lantarki iri ɗaya da na 'yar'uwarta, sai su dinga ture juna. Da rubutu ya bushe, shi ne kuma yake liƙa su a fuskar allo.

Malaman Madabo sun san aikin ƙaro tun kafin Turawa su ba irin wannan gauraye suna. Sai a 1861 Thomas Graham ya kira shi "koloid", daga kalmar Girkanci mai ma'anar danƙo. Kafin shi, a 1807, wani Bajamushe mai suna Reuss ya sa wutar batir cikin ruwan yumɓu a Jami'ar Mosko, ya ga ƙwayoyin yumɓun suna tafiya zuwa waya guda. Watau abin da ke da caji ana iya kora shi da lantarki.

Juya ƙwaya a inda take ya fi kora ta wuya. A shekarun 1970 Nicholas Sheridon na kamfanin Xerox a Amurka ya ƙera 'yan duwatsun roba, kaurinsu kamar na gashin kai, rabi baƙi rabi fari, kowane ɓari da cajinsa. Ya sa kowanne cikin ɗan gurbi mai mai a jikin falle. Idan aka ba da wuta, sai ya juyo da baƙin ko farin fuskarsa sama, rubutu ya bayyana, kuma ya zauna ko an ɗauke wutar.

Dabarar ba ta ci kasuwa ba, aka rufe sashen a 2005. Wadda ta ci ita ce ta kamfanin E Ink, mai bin hanyar Reuss: ana koro baƙi ko fari zuwa fuskar gilashi. Da ita aka yi Kindle a 2007, allon da ake wanke shi ba da ruwa ba.